Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ɗan'uwa mai karatu, ga kaka ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure, an zuba a rumbu. Wanda ya samu da yawa ya gode wa Allah, wanda ya samu kaɗan shi ma ya gode. Yanzu kuma sai zancen tafiya. Duk majalisar da ka zauna a Falanko, ko a Gangara, ko a kasuwar Bakin Birji, maganar ɗaya ce: wane ya tafi Kano, wane ya yi Agadas, wane yana haɗa kuɗin motar Libiya.

Ni ba zan ce maka kada ka tafi ba. Wanda ya ce maka haka bai san Damargu ba. Damanarmu ta wata uku ce, wata shekara ma ba ta cika ukun. Kuɗin cirani su ne suke cike abin da rumbu ya kasa, da su ake aure, da su ake tufafin salla. Abu guda nake so ka riƙe: kada ka ɗauki jakarka sai hanyarka tana rubuce a takarda, zango-zango, kuma ka bar irin wannan takarda a gida hannun wanda ka yarda da shi. A ganina wannan ya fi kowane guzuri. Bari in gaya maka dalili.

Yadda kakanninmu suke yi

Tafiya ba baƙon abu ba ce a ƙasarmu. Tun zamanin da, Damargu kan hanyar fatake take. Ayari yakan taso daga Kano, ya biyo Damagaram, ya ratsa ta nan, ya shiga Azbin, har ya kai Gat da Tarabulus. Hatsinmu kuma raƙuma suna kai shi Fashi da Balma, su komo da gishiri da dabino.

To, waɗannan mutane ba su tashi da ka. Ayari yana da madugu, yana da jagaba wanda ya san hanya. Tun kafin a ɗaura wa raƙumi kaya an san kwana nawa ne tsakanin wannan rijiya da waccan, an san salka nawa za a cika, an san inda za a yada zango da gidan da za a sauka. Mutanen gida ma sun san watan da ayari zai komo. In watan ya wuce ba labari, sun san ta inda za su fara cigiya.

Har Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, bai ratso Azbin shi kaɗai ba. Ayarin gishiri ya biyo, ya iso Damargu a watan Janairu na 1851. Kuma duk inda suka sauka yana rubuta sunan wurin da rijiyarsa.

Yau mota ta maye gurbin raƙumi. Tafiyar wata guda ta koma ta kwana uku. Amma sahara tana nan yadda take, ba ta rage faɗi ba, rijiyoyi kuma ba su ƙaru ba. Abin da ya ragu shi ne shiri. Yaro ya ji abokinsa ya aiko da kuɗi, sai kawai ya sayar da akuya ya hau mota. Ka tambaye shi garin da ke gaban Agadas, bai sani ba.

Hanya uku ce, kuma ba ɗaya suke ba

Ta farko ita ce ta kudu. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne, daga Damagaram zuwa Kano wajen 250. Ko ka bi ta Matamaye ka faɗa Daura, ko ka bi ta Magarya ka faɗa Babban Mutum. Wannan hanya akwai garuruwa, akwai ruwa, harshe ɗaya, addini ɗaya. Haɗarinta na mutane ne: ɓarayin tasha, da ƴan damfara, da ƴan bindiga masu sace mutane a wasu hanyoyin Katsina da Zamfara da Kaduna. Wanda zai wuce Kano ya yi gaba, ya yi tafiyarsa da rana, ya hau mota a cikin tasha, ba a bakin titi ba.

Ta biyu ita ce ta Aljeriya. Daga Tanut zuwa Agadas, ta Aderbisanat, wajen kilomita 300 ne. Daga Agadas zuwa Arlit wajen 240. Daga Arlit zuwa Asamaka, bakin iyaka, wajen 200. Daga nan zuwa Tamanrasat kuwa ya fi 400.

Ta uku ita ce ta Libiya. Daga Agadas zuwa Dirku ya fi kilomita 600, mafi yawa cikin rairayin Tenere. Daga Dirku sai Madama, sai iyaka, sai Gaturun, sannan Sabha. Kwanaki ne a bayan Hilux, mutum a kan mutum, kowa ya riƙe sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo.

Ka ga ke nan wanda ya ce maka "tafiya duk tafiya ce" bai faɗa maka gaskiya ba. A hanyar kudu in mota ta mutu, ka sauka ka nemi wata. A hanyoyin arewa in mota ta mutu, rai ne yake kan gaba.

Abin da bai kamata mu manta ba

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a cikin sahara, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu mutanen Kance ne, nan cikin jiharmu ta Damagaram. Motoci biyu suka ɗauke su, duka biyun suka lalace, ruwa ya ƙare. Sai da suka yi makonni a can kafin a gano su. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙan su.

A 2017 ma mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku, bayan motarsu ta mutu. Waɗannan waɗanda aka gani ke nan aka ƙidaya. Wanda rairayi ya rufe, ba mai ƙidaya shi.

Ka lura da abu guda. Mota takan lalace ko'ina, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da yake mai da lalacewar mota ta zama makabarta shi ne a ce ba wanda ya san motar ta tashi, ba wanda ya san hanyar da ta bi, ba wanda yake jiran isowarta ran kaza. Sojoji da ma'aikatan ceto sun sha fitar da mutane da rai daga Tenere, amma sai in labari ya kai musu da wuri. Wanda ba a san ya ɓata ba, wa zai neme shi?

A 2015 aka yi doka mai hukunta masu safarar baƙin haure. Direbobi da yawa suka daina bin babbar hanya, suka koma ta ɓoye, nesa da rijiyoyi da shingen jandarma. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, motoci suka koma tashi a fili. Amma har gobe za ka samu direban da zai ce maka ya san wata gajeruwar hanya wadda ba a biyan kowa. Ɗan'uwa, ka guje shi. Ka bi motar da take tafiya cikin ayari, ko da ta fi tsada. Sauri ya haifi nawa.

"Ai tafiya ba a faɗinta"

Na san abin da za ka ce. Za ka ce tafiya sirri ce. In ka faɗa, baki zai kama ka, ko maƙiyi ya yi maka asiri, ko tsohuwa ta yi ta kuka har ka fasa. Shi ya sa samari da yawa suke sulalewa da asuba, sai an neme su wajen karin kumallo a tarar da tabarma kawai.

Ban ce ka sa a yi maka shela a kasuwa ba. Mutum biyu sun isa: mahaifinka ko wanka, da kuma matarka in kana da aure. Kukan tsohuwa na kwana ɗaya ne in ta san inda ka nufa. In ba ta sani ba fa? Akwai gidaje a ƙasar nan da suka shekara biyar, shekara goma, ba su san ko su yi sadakar mamaci ba ko su ci gaba da jira. Matar tana zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Gona ba a raba ba, ba a noma ba. Wannan wahala ta fi kowane baki da kake tsoro.

Wani kuma zai ce, "Allah ne mai tsarewa, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a mutu." Gaskiya ne, babu musu. Amma ai ba ka taɓa ganin manomi ya zauna a inuwa ya ce Allah zai shuka masa ba. Madugan da ma da Allah suka dogara, sun fi mu ma, amma ba su fasa cika salka ba. Ka yi naka, sannan ka bar wa Allah nasa.

Me za ka rubuta?

A nan ne karatun da muke yi a aji zai yi maka rana. Ka samu takarda biyu, ka rubuta abu ɗaya a kansu. In hannunka bai nuna ba tukuna, ka zo mu rubuta tare, ko ka sa ɗan lakwal ya taimake ka. In ajami ka fi iyawa, rubuta da ajami.

Ka sa cikakken sunanka da na mahaifinka da na garinku. Ka sa ranar da za ka tashi. Ka jera garuruwan da za ka bi ɗaya bayan ɗaya, da kwanan da kake zaton yi tsakaninsu. Ka sa sunan wanda za ka sauka wurinsa a can, da unguwarsa, da lambar wayarsa. Ka sa sunayen abokan tafiyarka da garuruwansu. Ka sa lambar waya biyu ta gida. A ƙarshe ka rubuta: "In ran kaza ta wuce ba ku ji ni ba, ku kira wane."

Ɗaya ka bar ta a gida. Ɗaya ka naɗe ta a leda ka ɗinke cikin rigarka, kada ka sa ta a jaka. In kun zo tashi daga Agadas ko Arlit, ka karanta lambar motar, ka tambayi sunan direba, ka kira gida ka faɗa musu su ƙara a takarda.

Kada ka ce ai duk lambobin suna cikin waya. Waya tana mutuwa, tana faɗuwa, ana ƙwace ta. Mutanen da Aljeriya take korowa, da yawa ana sauke su a wani fili da ake kira Fuwan Zero, wajen kilomita 15 daga Asamaka, su taka da ƙafa, ba waya ba kuɗi. A shekarar 2024 kaɗai waɗanda aka koro sun fi 30,000. In irin wannan mutum ya iso, ma'aikatan agaji sukan ba shi waya ya kira gida. To, wace lamba zai buga in bai haddace ba, bai kuma rubuta ba?

Takardun hukuma

Kada ka fita ba katin ɗan ƙasa. In ba ka da takardar haihuwa, ka fara da ita tun yanzu, ka je ofishin magajin gari su nuna maka yadda ake yi. Ka nemi katin rigakafin shawara, don ana tambayarsa a iyakoki da yawa. Ka bar hoton kowace takarda a gida.

Ka kuma san cewa dokar iyaka tana canzawa kamar iskar bazara. A 1983 Najeriya ta kori baƙi masu ɗimbin yawa, har da namu. A 2011 yaƙin Libiya ya koro ƴan Nijar fiye da 200,000, da yawa hannu wofi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashenta damar zaman kwana 90 ba biza, amma Nijar ta fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun mutanenmu har sai ta sake magana. Saboda haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce. Ka tambayi wanda ya komo bana, ka saurari rediyo. Matambayi ba ya ɓata.

Aljeriya da Libiya kuwa ba su taɓa shiga waccan yarjejeniya ba. Wanda ya shiga can ba biza, a dokarsu mai laifi ne. Ana iya kama shi a wurin aiki ko a ɗakin kwanansa, a tsare shi ko a koro shi. In ka zaɓi wannan hanya, ka zaɓe ta da saninka.

Kuɗi da guzuri

Ka yi lissafi kafin ka tashi: kuɗin mota zango-zango, kuɗin abinci, kuɗin zama na mako biyu kafin a samu aiki, da kuɗin komowa. Kuɗin komowa ka ware su daban, kada ka taɓa. Ka raba kuɗinka gida uku a jikinka, kada ka fito da su duka a gaban jama'a.

Abin da na fi ja maka kunne a kai shi ne tafiyar bashi. Ɗan kamasho zai ce maka, "Hau kawai, in ka isa ka yi aiki ka biya." Wallahi wannan magana ta jefa ƴaƴan mutane da yawa cikin abin da ake kira gidan bashi a Sabha da wasu garuruwan Libiya. Ana kulle mutum, ana dukansa, a buga wa iyayensa waya suna jin ihunsa, har sai sun sayar da gona ko shanu sun aika. In kuɗin motarka ba su cika ba, ka yi ciranin kusa bana, baɗi ka yi na nesa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ruwa kuma kada ka dogara da na direba. A zafin sahara mutum yana bukatar lita 4 zuwa 5 a yini, ko da zaune yake, kuma ba ruwa da wuya ya wuce kwana uku. Ka riƙe jarkarka, ka ɗinke ta da buhu, ka rubuta sunanka a jiki, ka ƙara ruwan kwana biyu bisa lissafin direba. Ka ɗauki dabino, da garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da sukari da gishiri. In zawo ya kama ka, ka zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa. Ka tafi da rawani saboda ƙura, da bargo saboda sanyin dare. In da hali, kada ka ratsa sahara a watannin Afrilu, Mayu da Yuni. In mota ta mutu, kada ku watse. Ku yi inuwa ku zauna kusa da ita, don mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum ɗaya.

Ke kuma ƴar'uwa, ina roƙonki: kada ki ɗauki yara, naki ko na aro, ki shiga wannan hanya don bara. Jikin yaro ba ya jure ƙishirwa kamar na babba. Ki sake duba lissafin 2013, yara sun fi rabi.

In ka isa

Baƙo ko yana da ido, makaho ne. Ka fara neman mutanen garinku da shugaban ƴan Nijar na wurin, ka gabatar da kanka. Ka tambayi unguwar da ba a shiga, da lokacin da ba a fita. Ka san inda ofishin jakadancinmu yake. Akwai ƙaramin ofishi a Kano, akwai a Tamanrasat. Kafin ka kama aiki ku yanke lada a gaban shaida, kai kuma ka riƙa rubuta kwanakin da ka yi. Kada ka karɓi ƙunshin da ba ka san abin da ke ciki ba don ka kai wa wani. Kada ka sa baki a rigimar ƴan gari.

Abin da ka samu ka riƙa aikowa kaɗan-kaɗan ta hanyar da ake ba da rasit, kada ka tara a ƙarƙashin tabarma. Waɗanda suka ɓoye naira sun ji jiki lokacin canjin kuɗi na farkon 2023. Ka sa ranar da kake kiran gida, ko Juma'a-Juma'a, kada ka saɓa. In ka canza gari ko lamba, ka faɗa a gyara takarda.

Kuma ka sa ranar komowa tun kafin ka tafi. Ruwan shuka ba ya jiran kowa. Wanda ya bar gonarsa ga tsoho da mata, ya komo bayan an gama noman fari, abin da ya samo a can hatsi zai saya da shi a nan.

Ɗan'uwa, takarda da alƙalami ba su kai kuɗin goro ba. Ka zauna yau, tun jaka tana rataye, ka rubuta hanyarka. Allah ya kai ka lafiya, ya komo da kai lafiya, ya sa ka tarar da iyali lafiya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne madugu yake sani kafin ayari ya tashi?
2. Me ya sa wasu suke ɓoye tafiyarsu? Kai me ka gani?
3. Mene ne gidan bashi, kuma yaya mutum zai kauce masa?
4. Mutum zai yi kwana 4 a sahara, yana shan lita 5 a yini. In ya ƙara ruwan kwana 2, lita nawa zai ɗauka?
5. Ɗauki allonka ka rubuta garuruwan da ke tsakanin garinku da Kano, ɗaya bayan ɗaya.